Ƙauyen Faransa: sunan waliyyi, cocin hukuma, mutane sun koma birni

Faransa ƙasa ce mai bugun ƙirji da cewa ta raba addini da mulki tun 1905. Amma in rufin cocin wani ƙauye ya fara yoyo, ba bishop ake fara kira ba, balle Fafaroma. Magajin garin ƙauyen ake kira, ko da kuwa bai taɓa durƙusawa a cikin ginin ba tun da aka haife shi, domin cocin mallakar ƙaramar hukumarsa ce. Gine-ginen ibada kimanin 40,000 ne ke cikin wannan hali. Wanda ya gane yadda aka yi haka ta faru ya kusa gane karkarar Faransa baki ɗaya, da sunayen garuruwanta, da abin da ke damun mutanenta a yau.

A fara da taswira. Faransa na da ƙananan hukumomi kusan 35,000, waɗanda suke kira commune, kalmar da mutanen Nijar suka sani sarai. Nijeriya, mai yawan jama'a ninki uku na Faransa, tana da 774. Kusan rabin na Faransa ba su kai mutum 500 ba, kuma kowace na da magajin gari, da kansiloli, da kasafin kuɗi, da hatimi. Akwai Rochefourchat a gundumar Drôme, inda aka sha ƙidayar mutum ɗaya tak. Akwai ma ƙauyuka shida kusa da Verdun, irin su Fleury-devant-Douaumont da Bezonvaux, waɗanda yaƙi ya shafe a 1916 ba a sake gina su ba. Babu kowa a cikinsu, amma har yau wakilin gwamnati yana naɗa musu magajin gari.

Wannan taswira ba 'yan siyasa suka zana ta ba, coci ce ta zana. Kafin juyin juya halin 1789, an kasa ƙasar zuwa yankunan coci, kowane yanki da fadansa, wato limamin cocin, da hasumiyarsa, da makabartarsa. Fada ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Da 'yan juyi suka zo kafa ƙananan hukumomi a watan Disamban 1789, ba su ɓata lokaci wajen shata sababbin iyakoki ba, sai suka ɗauki na coci kusan yadda suka same su. A 1792 aka karɓe littattafan haihuwa da aure daga hannun fada aka miƙa wa magajin gari, shi ya sa har yanzu auren da doka ta sani shi ne wanda aka ɗaura a ofishinsa. Dukiyar coci kuwa tun Nuwamban 1789 aka mai da ita ta ƙasa. Dokar 9 ga Disamba 1905 da waɗanda suka biyo bayanta suka ƙarasa zancen: manyan coci-cocin bishop 87 na gwamnatin tsakiya ne, na ƙauye da aka gina kafin 1905 na ƙananan hukumomi ne, amma masu ibada ne za su ci gaba da amfani da su kyauta. Yankunan Alsace da Moselle sun fita daga tsarin, don lokacin suna hannun Jamus. Can har gobe gwamnati ke biyan fada da fasto da malamin Yahudawa albashi.

Ke nan jamhuriya ta gaji iyaka, ta gaji gini, ta kuma gaji suna. Sunayen nan kuwa sun fi duk wani gini tsufa.

Mafi daɗewa cikin waɗanda ake iya karantawa su ne na mutanen Gaul, waɗanda Julius Caesar ya ci da yaƙi shekara hamsin da 'yan kai kafin haihuwar Annabi Isa. Harshensu ya mutu, amma dunum, wato tudu mai ganuwa, yana nan cikin Verdun da Châteaudun, da Lyon wadda asalinta Lugdunum ne. Magos, wato fili ko kasuwa, shi ya narke cikin Rouen da Caen. Manyan birane da yawa sunan ƙabilar wurin suka ɗauka: Paris daga Parisii, Reims daga Remi, Limoges daga Lemovices.

Na ƙauyuka sun fi ban sha'awa. A zamanin Romawa, gandun attajiri kan ɗauki sunan mai shi, a liƙa masa -acum a ƙarshe. Gandun Aurelius ya zama Aureliacum. Daga nan bakin mutane ya yi ta cin kalmar, kowane yanki da irin cinsa. A kudu ta tsaya a Aurillac, a arewa ta zaizaye ta koma Orly, inda filin jirgin saman Paris yake. Suna ɗaya ne. Haka gandun Sabinus ya haifi Savignac a kudu, Savigny a arewa, Sévigné a yamma. Na Victorius ya haifi Vitrac da Vitry da Vitré. Matafiyi mai lura zai iya sanin inda ya kai daga allunan bakin hanya kawai, domin inda -y ta fara ja da baya -ac ta yawaita, ya shiga ƙasar da a da ake wani harshe dabam da na Paris. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a tsarin ba: Gidan Wane da Tungar Wane haka suka samo suna, kuma Villeneuve da Neuville, da suka cika Faransa, Sabon Gari ne da Sabon Birni ba ragi ba ƙari. Bambancin shi ne can shekara dubu biyu ta goge ma'anar, har mai gari bai san sunan wani mutum yake furtawa ba.

Kowane baƙo da ya zauna ya bar nasa. Faransawan farko, wato Franks da suka zo daga wajen Jamus, sun bar ɗaruruwan sunaye masu ƙarewa da -court da -ville a arewa. Mayaƙan teku na Viking, waɗanda aka ba shugabansu Rollo ƙasar Normandie a 911, sun bar bec, wato rafi, a Caudebec da Bolbec, da tot, wato gida, a Yvetot. Honfleur da Barfleur ba su da alaƙa da fure ko kaɗan, duk da cewa kunnen Bafaranshe fure yake ji. Tsohuwar kalmar arewa ce ta mashigar ruwa. A yankin Bretagne, mutanen da suka tsallako daga Birtaniya a ƙarni na 5 da na 6 sun kafa garuruwa masu farawa da Plou-, wato jama'ar coci, a biyo da sunan wanda ya kafa: Ploërmel jama'ar Armel ce. Locronan wurin Ronan ne. Ker-, gida ko 'yar unguwa, ba ta ƙirguwa.

Sai waliyyai, waɗanda suka fi kowa cin ƙasa. Ƙananan hukumomi fiye da 4,000 ne ke farawa da Saint ko Sainte, wato sama da ɗaya cikin goma. Da ƙauyuka suka riƙa taruwa a gindin coci da makabarta, sai sunan waliyyin da aka keɓe wa cocin ya danne tsohon sunan wurin. Zakaran gwajin dafi a nan shi ne Martin. Sojan Roma ne da aka haifa a ƙasar da yanzu ake kira Hungary. Labarin da kowane yaro ya sani shi ne ya raba alkyabbarsa biyu da takobi a ƙofar Amiens, ya ba wani almajiri rabi cikin tsananin sanyi. Ya zama bishop na Tours a 371, ya rasu a 397, kuma abin da ya fi yi shi ne zagaya karkara yana rushe wuraren tsafi yana kafa coci. Yau garuruwa fiye da 200 ne ke ɗauke da sunansa, coci-coci dubbai, kuma Martin shi ne sunan iyali mafi yawa a ƙasar. Yawan ya sa dole a ƙara wa kowane wutsiya don kada wasiƙa ta ɓata: Saint-Martin-de-Ré, Saint-Martin-Vésubie, har da Saint-Martin-de-Londres a kudu, wanda ba ruwansa da Landan. Wannan ɗabi'a ta ƙara wutsiya, da haɗe ƙauyuka, su suka haifar da suna mafi tsawo a ƙasar, Saint-Remy-en-Bouzemont-Saint-Genest-et-Isson. Mafi gajarta kuwa harafi ɗaya ne, wani ƙauye a Somme mai suna Y.

A ƙarni na 13 da na 14 aka shiga talla. Sarakuna da hakimai na kudu maso yamma sun riƙa kafa sababbin garuruwa masu miƙaƙƙun tituna da dandalin kasuwa a tsakiya, suna neman manoma su zo su zauna don haraji ya ƙaru. Sarki Edward na ɗaya na Ingila, wanda yankin ke hannunsa a lokacin, ya kafa Monpazier a 1284. Villefranche na nufin garin da aka yafe wa wasu kuɗaɗen sarki. Wasu kuma aro suka yi na manyan biranen duniya don suna ya yi armashi, shi ya sa a gundumar Gers kaɗai za ka tarar da Cologne da Pavie da Barcelonne da Fleurance, duk 'yan ƙananan wurare.

An taɓa gwada share waliyyan nan gaba ɗaya. A 1793 'yan juyi suka mai da Saint-Denis Franciade, Saint-Malo ya koma Port-Malo, Saint-Tropez ya zama Héraclée. Garuruwa dubbai aka yi wa haka. Ba a daɗe ba mafi yawa suka koma sunansu na da, don takarda ce ta canza, bakin mutane bai canza ba.

Shi kansa ginin fa? Wanda ya shiga cocin ƙauye ta ƙarni na 11 ko na 12 zai tarar da ƙofa tana duban yamma, wurin da fada ke tsayawa yana gabas, bango mai kauri kusan gaba guda, tagogi 'yan ƙanana, bakan-gizo na dutse a kan ginshiƙai. Akwai sanyi da warin damshi ko da bazara. Kujerun saƙa a jere, wasu ƙura ta rufe su. A jikin bango ko a dandalin waje akwai allon dutse mai sunayen 'yan garin da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, sau da yawa sunan gida ɗaya sau uku ko huɗu a jere. A ƙofa an manna takarda mai nuna ranar da za a yi ibada a nan, wataƙila sau ɗaya a wata biyu, da inda za a karɓi makulli, galibi wurin wata dattijuwa maƙwabciya. A saman hasumiya zakaran ƙarfe yana juyawa da iska. Ƙararrawa na bugawa safe da rana tsaka da yamma, amma inji ke buga ta, ba mutum ba.

Wasu daga cikinsu sun shahara. Conques, a Aveyron, ƙauye ne ɗan mitsitsi mai coci irin ta babban birni, saboda yana kan hanyar masu ziyara zuwa Santiago a Sifen, kuma 'yan zuhudunsa sun ɗauko ƙasusuwan waliyyiya Foy daga Agen a ƙarni na 9 ta hanyar da ba a cika son kiran sunanta ba, wato sata. A saman ƙofarta an sassaƙa ranar hisabi da mutum-mutumi fiye da ɗari. Ta kusa rushewa kafin Prosper Mérimée, mai duba tsofaffin gine-ginen gwamnati, ya iso a 1837 ya sa aka cece ta. A Thiérache, kusa da iyakar Beljiyam, inda yaƙi bai bar mutane sun huta ba a ƙarni na 16 da na 17, coci-cocin ganuwa ne: akwai ɗaki a sama, da murhu, wani wurin har da rijiya, don gari duka ya shige in mahara sun zo. Masu zana taswirar ƙasar ta farko, iyalin Cassini a ƙarni na 18, da kan hasumiyoyin nan suka riƙa auna nisa.

Sai dai ba duka ne tsofaffi ba, kuma a nan gizo ke saƙa. Kaso mai yawa, musamman a yammacin ƙasar, a ƙarni na 19 aka rushe aka sake gina su, manya-manya, lokacin da karkara ta fi kowane zamani cika da mutane, kowane ƙauye na son hasumiyarsa ta ɗara ta maƙwabci. Ba a daɗe da gama su ba mutanen suka fara tafiya.

Gundumar Creuse ta isa misali. Ƙasarta ba ta da albarka, don haka mazanta suka zama magina masu cin rani: su fita da ƙafa in sanyi ya wuce, su yi aiki a Paris da Lyon, su dawo da shigowar hunturu. Su ne suka ɗora tubalan manyan titunan Paris na zamanin Haussmann, wanda ya sake fasalin birnin a ƙarni na 19. Da jirgin ƙasa ya zo, sai suka fara ɗaukar iyali, dawowa ta ragu. A 1886 Creuse na da mutum kusan 285,000. Yau ba ta wuce 115,000 da kaɗan ba. Yaƙin duniya na farko ya ci Faransawa kusan miliyan 1.4, kuma 'ya'yan manoma ne suka cika sahun gaba. A 1931 mazauna birni suka zarce na ƙauye. Tarakta ta ƙarasa aikin bayan 1945: gonaki miliyan 2.3 a 1955 sun koma kimanin 390,000 a 2020. Noma bai mutu ba, gonaki ne suka haɗiye juna, mutum ɗaya na noman abin da gidaje da yawa ke nomawa a da.

Rayuwar yau a irin wannan wuri a kan mota take. Ƙananan hukumomi kusan shida cikin goma ba su da kanti ko ɗaya, alhali a 1980 ɗaya cikin huɗu ne kawai. Burodi, wanda Bafaranshe ba ya wuni ba shi, ko dai motar mai gashi ta kawo tana ɗan hon a dandali, ko a saye shi a injin da aka kafa a bakin hanya. Makaranta an raba ta tsakanin ƙauyuka: ƙananan aji a nan, manya a can, bas na kwasar yara. Likitan da ya yi ritaya ba a samun magajinsa, har wasu magadan gari kan ba da gida da ofis kyauta don jawo wani. Mai kai wasiƙa kan zama mutum ɗaya tilo da tsohuwa za ta gani a wuni. Wannan ne ya sa da aka rage gudun mota a hanyoyin karkara daga kilomita 90 zuwa 80 a Yulin 2018, aka kuma ƙara harajin mai, zanga-zangar masu rawayen riguna ta ɓarke a watan Nuwamba, kuma a shataletalen ƙananan garuruwa ta fi zafi, ba a tsakiyar Paris ba. Duk da haka wurin bai mutu ba. Akwai kasuwar mako, akwai farauta ranar Lahadi, akwai 'yan kwana-kwana na sa kai, akwai bikin shekara da har yanzu ake yi a ranar waliyyin gari ko da rabin masu cin naman ba su san labarinsa ba.

Fada ma ya yi ƙaranci. Waɗanda ake naɗawa a shekara a duk ƙasar kimanin ɗari ne kawai, don haka fada ɗaya kan riƙe coci ashirin, wani wurin fiye da talatin. Da yawa daga cikin masu wannan zagaye 'yan Afirka ne, daga Benin da Togo da Burkina Faso da Kamaru da Kongo, ƙasashen da Faransa ta taɓa aika wa 'yan mishan. Jana'iza ce ta fi cika cocin ƙauye yanzu, kuma sau da yawa wasu dattawan gari ne ke jagorantarta don fada na wani wuri.

Sababbin zuwa su ma sun kawo nasu. 'Yan Paris masu gidan hutu, da Turawan Ingila da suka cika Dordogne, sun farfaɗo da kangaye da yawa, amma wasunsu shirun ƙauye suka saya, ba su san da ƙararrawar ƙarfe bakwai na safe ba. Shari'ar wani zakara mai suna Maurice a tsibirin Oléron, wanda maƙwabta suka kai ƙara saboda cara, ta zama zancen ƙasa a 2019. Zakara ya yi nasara, kuma a Janairun 2021 majalisa ta yi dokar da ta sa sauti da warin karkara cikin gadon ƙasa. Abin kamar wasa, amma tambayar da ke ƙasa ba wasa ba ce: wa ke da ƙauyen, mai aiki a cikinsa ko mai hutawa?

A nawa ganin, raguwar masu ibada ba ita ce babbar barazana ga gine-ginen nan ba. Wanda bai yarda da addini ba ma yakan tashi tsaye in an ce za a taɓa hasumiyar garinsu. Matsalar lissafi ce. Ginin da mutum dubu biyu suka gina yanzu mutum ɗari biyu ke riƙe da shi, kuma gyaran rufi ɗaya kan iya cinye kasafin shekara na gari. In cocin tana cikin jerin gine-ginen tarihi, gwamnati na ɗaukar kaso mai tsoka. Mafi yawa ba sa ciki, musamman ƙattin nan na ƙarni na 19 da masana suka daɗe suna rainawa. Irin su ne aka fara rushewa, kamar ta Gesté da ta Saint-Jacques a Abbeville, duka a 2013. Magajin gari ya ɗauki Dala ba gammo: in dutse ya faɗo kan wani shi za a tuhuma, amma ba shi da ikon mai da ginin ɗakin karatu ko zauren taro sai fada ya yarda, kuma cire shi daga ibada gaba ɗaya sai da amincewar bishop. Wani rahoton majalisar dattawa na 2022 ya yi gargaɗin cewa gine-gine 2,500 zuwa 5,000 na iya salwanta kafin 2030. Da babbar cocin Notre-Dame ta Paris ta ƙone a Afrilun 2019, an tara yuro fiye da miliyan 800. Gidauniyar da Shugaba Macron ya ƙaddamar a Satumban 2023 don coci-cocin ƙananan garuruwa, mai burin miliyan 200 cikin shekara huɗu, abin da ta samu a shekarar farko bai ko kama ƙafar burin ba.

Maganin da ke a bayyane shi ne haɗe ƙauyukan. Jamus ta Yamma ta yi haka tun wajejen 1970, ta rage nata daga kusan 24,000 zuwa kusan 8,500. Faransa ta gwada a 1971 abin ya ci tura, domin ba wanda ke son sunan garinsu ya ɓace cikin na maƙwabci. Bayan dokar 2015, wadda ta zo da romon kuɗi, an ɗan motsa: adadin ya sauka daga sama da 36,000 zuwa ƙasa da 35,000. A Normandie ƙauyuka 22 suka haɗu a 2016 suka zama Livarot-Pays-d'Auge. Haɗewar na da amfani, ana samun sakatare na dindindin da ƙarfin cin bashi, amma ba ta rage yawan rufin da za a gyara ba, ta dai tara su a teburin mutum ɗaya. Kuma don kada wani ƙauye ya ji an fifita wani, sai a ƙirƙiro suna marar uwa marar uba, mai kama da na kamfanin gidaje. Wani gari a gabas an raɗa masa Capavenir Vosges a 2016. Mutane suka ƙi shi, bayan 'yan shekaru aka koma Thaon-les-Vosges.

Sunayen da suka fi shiga haɗari ma ba na garuruwa ba ne, na ƙananan wurare ne: gona, fadama, 'yar unguwa mai gida uku, waɗanda aka rubuta a kundin filayen da Napoleon ya fara a 1807, da yawansu cikin harsunan da suka kusa mutuwa. Dokar 2022 ta wajabta wa kowane ƙauye, komai ƙanƙantarsa, ya raɗa wa duk tituna suna ya sa wa gidaje lamba, don motar asibiti da masu jan wayar intanet da masu kai saƙo su daina ɓata. Hujjar mai ƙarfi ce, kuma dokar ba ta ce a goge tsofaffin sunaye ba. Amma inda kansiloli suka yi gaggawa, unguwar da ta shekara ɗari biyar da sunanta ta wayi gari ta zama lamba kaza a titin wani fure, abin da ya sa masu kare harshen Breton, na yankin Bretagne, suka yi ta kuka. A garuruwan da aka haɗe kuwa akwai ƙarin aiki, domin kwamfuta ba ta son suna biyu iri ɗaya a ƙaramar hukuma guda, kuma kusan kowane tsohon ƙauye yana da titin da ake kira Titin Coci. Ɗaya ne zai riƙe nasa, sauran sai kansiloli sun zauna sun nemo musu wani.